Kawu da Kofunan Burbon Shida

Ranar da Kawu ya rasu, na shigo jirgin ƙasa na rana daga Lyon, na tarar falonsa da ke hawa na huɗu a bayan kasuwar Barbès, a Paris, ya riga ya cika. Takalma sun taru daga bakin ƙofa har kan matakala. Ƴan kasuwarmu na Maradi da Damagaram sun rufe shaguna sun zo, ɗalibai sun zo, har da wasu ƴan Kano biyu masu sayar da atamfa. Mata suna ɗaki tare da matarsa, wadda muke ce wa Tanti. Maza kuwa ni aka tura wa, don Kawu bai haihu ba, kuma duk Faransa ba shi da wani na jini sai ni, ɗan ƙanwarsa.

Kowa ya shigo sai ya miƙo mini hannu ya ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Aka yi ta yabonsa. Aka ce mai zumunci ne, mai tsafta ne, ba ya shiga maganar mutane. Amma na lura ba wanda ya ambaci aikinsa, alhali shekara ashirin da wani abu ya yi yana fita da safe yana dawowa da yamma a gaban idonsu.

Wani Alhaji, babba cikin ƴan kasuwar, shi ya fara taɓa wurin. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba." Ya ja kalmar "muka sani" har kowa ya gane. Aka amsa da amin a hankali.

Can kusa da ƙofa akwai wani ƙato, ɗan Tawa, mai dakon kaya a babbar kasuwar abinci ta Rungis. Tun shigowata yake kuka ba ya ɓoyewa. Sai ya ɗago ya ce, "Alhaji, ni ma akwai abin da na sani. Lokacin da bayana ya karye, kwana goma sha tara na yi a asibiti, kuma mutum ɗaya ne yake zuwa kullum ya zauna ya fassara mini maganar likita. Ban gan ka ba ko sau ɗaya."

Liman, tsoho ne mai ƙaramar murya, ya tashi ya kama hannuna ya ja ni kicin ya rufe ƙofa.

"Ɗana," ya ce, "akwai masu cewa kada in tsaya a kansa. Kai ne ka san shi. Yana salla?"

"Yana yi, Malam. Ban taɓa ganin ya bari ba."

"Ya taɓa ce maka abin nan halal ne?"

"Bai taɓa ba."

"To, shi ke nan. Ni salla aka kira ni in yi, ba hisabi ba."

Tun daga wannan rana nake son in rubuta wannan. Ina tsoron a wayi gari abin da ya rage na Kawu a bakin mutane shi ne wannan "muka sani" ɗin kaɗai.

Ga abin da suka sani. Kawu ma'aikaci ne a wani ƙaramin kamfani a Paris da ke shigo da wiskin Amurka, irin wanda ake kira burbon. Aikinsa shi ne ya shinshina, ya ɗanɗana, ya gwada wannan da wancan, ya gaya wa maigidansa gangar da za a saya da wadda za a bari. Yana ɗorawa a harshe ya tofar. Ban taɓa ganin ya haɗiye ba, Tanti ma ta rantse ba ta taɓa gani ba. Amma barasa ce, kuma mai ƙarfi ƙwarai, kuma shi bai taɓa kiranta da wani suna ba.

Hancin gado ya yi. Kakana mai haɗa turare ne a kasuwar Damagaram, a rumfarsa Kawu ya girma, kafin a turo shi Faransa karatun kimiyya. Abin mamaki, ɗan mai turare ba ya shafa turare daga Litinin har Juma'a da rana, don kada ya ɓata masa hanci. Ba ya cin yaji sai ƙarshen mako. Tanti takan yi mita ta ce shekara ashirin tana dafa miya kamar ta majinyaci. Hutunsa na shekara kuwa kullum a watan azumi yake ɗaukarsa, ko ya faɗo a zafi ko a sanyi, kuma maigidan nasa ya daina gardama a kai tun da daɗewa. In ya dawo aiki ba ya gaida kowa sai ya shiga banɗaki ya kurkure baki, ya canja riga, ya yi alwala. Sannan ya fito ya ce, "To, yanzu sannunku da gida."

Na zo Faransa a farkon shekarun tamanin, ina da shekara ashirin da biyar, zan yi karatun haɗa magunguna a Lyon. Sati biyu na yi a gidansa kafin in wuce. A cikinsu ne ya kai ni wurin aikinsa sau ɗaya, wai don kada in ji a bakin wani.

Ɗaki ne fari fat, da taga babba, da dogon tebur. Ya jera kofunan gilas masu faɗin ciki da tsukakken baki, kowanne da ɗan ruwa mai launin zuma a gindinsa. Na tsaya nesa, hannuna a baya. Ya yi dariya ya ce ba ya cizo. Ya yi mini bayani yadda malami yake yi wa ɗalibi: yawancinsa masara ce, ana zuba shi a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta, a ajiye shekaru a manyan rumbuna a wata jiha da ake kira Kentucky. Gangar da ke can sama kusa da rufi, inda zafi yake, takan fito da ƙarfi fiye da ta ƙasa. Waɗanda ake aiko masa ba a sirka su da ruwa ba, ƙarfin barasar wasu yakan haura kashi sittin cikin ɗari.

"Wanda bai iya ba," in ji shi, "zai cusa hanci ya ja, ya ƙone, ya ce bai ji komai ba sai wuta." Ya ɗiga ruwa kaɗan a kofi na farko, ya juya, ya ajiye. "Kada ka yi sauri. Bar shi ya huce." Wannan maganar yakan faɗe ta a kan komai, a kan shayi, a kan wasiƙar da mutum ya rubuta cikin fushi, a kan Tanti in ta hau.

Sai ya kawo kofin gefen hancinsa, bakinsa a ɗan buɗe, ya lumshe ido. Tsakanin kofi da kofi yakan shinshina hannun rigarsa don hanci ya dawo daidai. Yana da wani littafi da yake rubuta wa maigidan rahoto da Faransanci, amma a gefen shafi yana rubuta nasa da ajami, ya karanta mini yana murmushi. Na farko, dabino ne da ya daɗe a jakar fata. Na biyu, nakiya ce da ta kama a gindin tukunya. Na uku, wanda aka sa wa alkama, mai haƙuri ne, sai ka jira shi yake magana. Na huɗu mafaɗaci ne, citta da kanumfari a gaba, ba komai a baya. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske kamar na ranar ba, kuma wannan ne ya dame ni.

A hanyar komawa, cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na kasa haƙuri. Na ce, "Kawu, ba ka san haramun ne ba?"

"Na sani," ya ce, bai ko juyo ba. "Na riga ka sani. Ba mai sha kaɗai ba, duk mai hannu a ciki."

"To, me ya sa?"

"Da farko, na gama karatu na zaga ko'ina da takarduna, ba wanda ya buɗe wa baƙar fata ƙofa sai su. Wannan shi nake gaya wa mutane." Muka wuce tasha ɗaya, ya ci gaba. "Daga baya an buɗe mini wasu ƙofofin, ban shiga ba. Na iya aikin nan, ɗana, duk garin nan ba su fi mu biyar da suka iya shi kamar ni ba. Ina son sa. Wannan ne abin da yake ba ni tsoro."

Inna, mahaifiyata, ta yanke zumunci da shi tun kafin in zo. Ya je gida hutu ya kai mata keken ɗinki sabo a kwali. Ashe wani da ya dawo daga Paris ya riga ya kai mata labari. Ta bar keken a zaure, ta tsaya a tsakar gida ta tambaye shi ko gaskiya ne. Bai musa ba. Ta rantse da Allah a gaban mutane cewa ba za ta ƙara yi masa magana ba. Ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goye ta. Ya ci gaba da aika mata wasiƙa kowace salla, ba ta amsa ko ɗaya ba. Bai taɓa zaginta a gabana ba. In na samu wasiƙarta sai ya ce, "Ya ƙafar tata? Har yanzu tana kumbura da damina?"

A Bron, gefen Lyon, inda nake zaune a gidan ɗalibai, na faɗa cikin wasu abokai masu tsananin riƙo da addini, ni ma na tsananta. Ba na nadamar abin da na koya a wurinsu. Amma na koyi wata irin magana mai kaifi, na fara gwada ta a kan Kawu. In na je Paris na daina cin abincin gidansa, in ce na ƙoshi. Tanti ta gane, ta yi fushi. Shi kuwa sai ya fara sayo mini burodi da kifin gwangwani daga shagon wani Balarabe, ya ajiye a ɗakina da ledar shagon a jiki.

Wata safiya cikin sanyin shekarata ta huɗu aka kira ni waya a ƙasan bene. Kawu ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce yana tashar jirgin Lyon, in zo. Na shiga bas na same shi tsaye da baƙar jakarsa, ya rame. Muka zauna a wani gidan shan kofi kusa da kogi. Aka kawo masa, ya ɗaga zuwa hancinsa yadda ya saba, ya ajiye bai sha ba.

"Wata biyu ke nan ba na jin ƙanshin komai," ya ce. "Ko albasa Tanti take soyawa, sai dai in ji ƙara."

Na ce wataƙila mura ce.

"Haka na ce ni ma." Ya buɗe jakar, na ga ƴan kwalabe shida a jere, kowace da lamba. Ya ce da ƙarfe biyu maigidansa zai tara masu manyan gidajen abinci na Lyon a wani otal. Shi zai tsaya a gabansu ya gwada shidan, ya faɗi halin kowanne, ya zaɓi ganga biyu. Ba wanda ya san halin da yake ciki.

"Ba na ce ka sa a baki ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka shinshina kawai, ka gaya mini da Hausa abin da ka ji. Hancin gidanmu gare ka, na lura tun tuni. In ka ba ni kalma biyu a kan kowanne, sauran na san yadda zan yi."

Mutum mai shekara kusan sittin, wan uwata, yana roƙona. Ni kuwa na gyara zama na yi masa wa'azi. Na ce ba zan taimaka wa saɓo ba ko da numfashi ɗaya. Na ce wataƙila Allah ne ya ɗauke hancin don ya ji tsoro. Na faɗi abubuwa da yawa, da ƙarfi, har matar da ke teburin gefe ta juyo.

Ya saurare ni har na gama. Ya rufe jakar. Ya ce, "Ka yi daidai. Da ka yarda, da uwarka ba ta yafe mini ba har a lahira."

Na raka shi bakin otal ɗin, na zauna a benci a tsallaken titi, ban san me nake jira ba. Bai kai awa ɗaya ba ya fito. Ya ce, "An gama," ya ce in koma makaranta kada in rasa darasi.

Sai daga baya maigidan nasa, wani tsohon Bafaranshe mai sanda, ya ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Ya ce Kawu ya jera kofuna shidan, ya ɗaga kowanne ga hasken taga, ya juya shi yana kallon yadda ruwan yake gangarowa a jikin gilas. Da ido kaɗai ya faɗi wanda ya fi daɗewa a ganga da wanda ya fi ƙarfi, kuma duk ya faɗa daidai. Mutanen suka fara tafi. Tsohon ya ce da ya ci gaba a haka, ya ƙaga sauran, ba wanda zai gane. Amma ya ɗauki kofi na farko ya kai hanci, ya daɗe, ya ajiye. Ya ce musu, "Ku gafarce ni. Ba na jin komai. Kada ku sayi ganga a kan maganata." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Har yau ban ce da ma na shinshina kwalaben nan ba. Ba nan ciwon yake ba. Ciwon shi ne, ni ɗalibin magani ne a shekara ta huɗu. Dattijo ya zauna a gabana, ya rame, ya ce wata biyu hancinsa a mace, kuma na ga yana ta goge hanci ɗaya da hankici. Ban tambaye shi ko yana ganin jini ba. Ban ce mu tashi mu je asibiti ba, ga shi nan kusa. Hankalina yana kan in ci gardama. Wata huɗu suka wuce kafin Tanti ta tilasta masa ganin likita, aka tarar da ƙari a can bayan hanci, ya riga ya yi nisa. Likitan bai ce wata huɗun ne suka kashe shi ba. Bai kuma ce ba su ba ne.

Da labari ya bazu a Barbès cewa ya bar aikin, mutane suka fara zuwa yi masa barka, suna cewa Allah ya shirye shi. Yakan amsa da amin. Amma wata rana da la'asar a asibiti, muna mu biyu, na ce masa ko ba komai yanzu ya rabu da abin. Ya girgiza kai a kan matashi.

"Kada ka yi mini ƙarya, kai ma," ya ce. Muryar ta shaƙe, sai na matso. "Ban bari ba, ƙwacewa aka yi. Da hancin yana nan, da Litinin ina can. Ina ta istigfari, amma ban sani ba ko ana karɓar tuban wanda bai bari da kansa ba. Kai da ka yi karatu, ana karɓa?"

Na ce Allah mai rahama ne, ƙofa a buɗe take muddin rai bai zo wuya ba. Wannan karon a hankali na faɗa. Sannan na ce, "Kawu, ka yafe mini ranar Lyon."

"Wace rana?" ya ce. "Ranar da ka hana ni yi wa mutane ha'inci?" Ya nemi ya yi dariya, tari ya hana shi. Na kasa gaya masa ba wannan nake nufi ba. Ya miƙo hannu ya nuna kwanon da Tanti ta kawo, ya ce in ci, shi ba zai iya ba. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka. Na zauna a gabansa na cinye tas, yana kallona.

Bayan kwana goma sha ɗaya ya cika, da hantsi, Tanti tana riƙe da hannunsa. Ta ce da kalmar shahada ya tafi.

Ni da ɗan Tawan nan da Liman muka yi masa wanka. Aka yi masa salla sahu uku. Alhajin ma ya zo, ya tsaya a sahun baya. Aka rufe shi a wata maƙabarta a wajen Paris, a ɓangaren Musulmi. Tsohon Bafaranshen ya tsaya nesa da hularsa a hannu, bai matso ba sai da kowa ya watse.

Tun yana kwance na rubuta wa Inna cewa wanta ba shi da lafiya, kuma ba ciwon tashi ba ne. Ba amsa. Da ya rasu na buga waya gidan wani maƙwabcinmu mai tarho aka gaya mata. Kwana biyu bayan sadakar bakwai, wani ɗan kasuwa da ya taso daga Damagaram tun kafin rasuwar, ya biya ta wasu garuruwa, ya hawo benen ya miƙa wa Tanti kaset a cikin ambulan. An rubuta sunan Kawu a kai da hannun ƙanena.

Muka sa a rediyo, ni da Tanti, a falon da babu kowa. Aka ji kukan akuya, da ƙarar turmi daga nesa, sannan muryar Inna. Ta yi sallama. Ta gaida Tanti, ta tambayi sanyi, ta tambayi aikin gida, ta lissafa waɗanda suka rasu a unguwa da waɗanda suka haihu. Ta daɗe tana kewaye-kewaye.

"Yaya," ta ce. "Ni ce. An ce ba ka da lafiya. Rantsuwar nan da na yi, na je wurin malam, na yi azumi uku, na warware ta. Wasiƙunka duk suna nan, ana karanta mini. In ka ji sauƙi ka taho gida, Yaya. In ba ka iya tahowa, ka yi mini magana a kaset in ji muryarka."

Tanti ta kifa kanta a kan gwiwa. Ni na zauna ina kallon kaset ɗin yana juyawa har ya tsaya da kansa.

Wanda duk ya karanta wannan, ban roƙe shi ya wanke Kawu ba, shi ma bai wanke kansa ba. Ina roƙon ya ɗaga hannu ya nema masa gafara. Allah ya karɓi tubansa yadda ya zo da shi, ya yalwata masa kabari, ya haɗa shi da ƙanwarsa a inda za su yi maganar da ba su samu yi ba.